Yatsa Uku

Na manta abubuwa da yawa na aikin gareji, har da sunayen wasu da na koya wa walda, amma ban taɓa mantawa da ranar da motar Alhaji Mainasara ta shigo mana tana nishi ba. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin kwasar albasa, zafi ya fara tsananta. Ina mai walda a wani gareji da ke bakin hanyar Tawa a Birnin Konni. Ga wanda bai san tsarin ba, akwai patoro, shi ne mai gareji, shi ke karɓar aiki. Akwai makanikai masu buɗe inji. Sai ni, duk abin da ya shafi ƙarfe da wuta nawa ne, musamman salansa, wato bututun da ke fitar da hayaƙi. Makanikai ba sa ɗaukar aikina a bakin komai. A wurinsu salansa wutsiya ce, in ta faɗi a ɗaura wata.

Motar bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, irin wadda 'yan tsallaken iyaka ke kira a-kori-kura, amma ba irin ƙananan da muka saba gani ba. Daga Amirka ta zo ta tashar ruwan Kwatano, tsohuwar hannu, ja jawur, silinda takwas. Wanda ya fara mallakarta can ya ɗora mata wani abu a saman inji, bel na juya shi, yana ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya don ya ƙone mai da yawa, ya ba da ƙarfi da yawa. Masu faransanci suka ce sunansa kwampireso. Mu dai muka raɗa masa zuga-zugi, tunda aikinsa ke nan. Da aka ɗaga murfin inji kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Har mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunya a kan wuta ya zo kallo. Ni kam wallahi ji nake in ban taɓa motar nan da hannuna ba ba zan iya cin abinci ba.

Alhaji Mainasara babban dillalin shanu ne, yana kuma fataucin siminti. Ya sayi motar ne don ya riƙa riga kowa isa kasuwa, kuma shan manta bai dame shi ba tunda fetur na araha a bakin iyaka. Direbansa shi ne Altine, Bafillacen da ya ajiye sanda ya kama sitiyari, ya daɗe yana tuƙa Alhaji ba a taɓa jin kansu ba. Ni Ba'are ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ina ganinsa na ce, "Bawana, ina ka baro mani shanuna?" Ko ɗaga kai bai yi ba. Nan na san akwai magana.

Ga abin da ya faru. Altine aka tura Kwatano ya taho da motar. Can da aka gwada ta, ya ce tashi kawai ba ta yi ba. Sai dai tsatsa ta cinye salansarta, kuma mutumin da ya sayar ya gargaɗe shi da faransanci cewa ba za ta daɗe ba, ya faɗi faɗin bututun da za a sa in ta faɗi. Altine ba ya jin faransanci. Ɗan kamashon da ke tsakaninsu ya fassara masa: yatsa uku. Kafin a kai Gaya ta bakin iyaka kuwa wani rami ya ƙarasa salansar, ta zube gaba ɗaya tun daga mahaɗarta. Mai waldar Gaya ya auna yatsun Altine uku, ya samo bututu daidai da haka, ya liƙa. Tun daga nan motar ta zama wata iri. In an taka ta sai ta yi ta gurnani ba ta tafiya, allurar zafi na hawa.

Shi kuwa Alhaji ya riga ya cika tasha da labarin motarsa tun ba ta iso ba. Fitarsa ta farko da ita, a hawan da ke bayan Malbaza, wata tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗauke da siminti ta wuce shi, yaran motar suna ɗaga masa hannu. Ya dawo Konni a fusace, ya tsaya tsakiyar tasha gaban direbobi ya ce an taɓa masa inji a hanya. Kowa ya san ma'anar wannan maganar. Ana nufin direba ya cire kaya masu kyau ya sayar, ya maye da ruɓaɓɓu. Direban da aka yi wa wannan shaida ya gama tuƙi a Konni, don babu mai sake ba shi makulli.

A garejin ma Alhaji bai rage murya ba. Ya ce da patoro, "Ku duba mani ita. Alhamis kasuwab Badagishiri ta. In motag ga ba ta miƙe ba kahin nan, shi aje mani makullina, in miƙa ma ɗan ƙanena."

Altine na tsaye, ya naɗe hannu a baya. Irinsu ba sa rantse-rantse a gaban mutane, kunya ba ta barinsu, sai dai abin ya ci su a ciki.

Makanikai suka duƙufa. Suka cire buji, wato fulogi, suka wanke karbirata, suka duba bel ɗin zuga-zugi, komai lafiya lau. Babu kusar da ta nuna an taɓa kwance ta. Amma wannan bai isa ya wanke mutum ba, muddin mota ba ta tafiya. Ni ba wanda ya kira ni. Na zagaya baya da kaina, na ce a tayar da ita, na kara tafin hannu kusa da bakin salansa. Hayaƙin na fitowa da wani siririn huci, zafi ƙau, har sai da na janye hannu. Na kwanta na leƙa ƙasa, na ga bututun kusa da inji ya canza launi don ƙuna. Na ɗauko sifana na kwance shi daga mahaɗa, na ce da Altine, "Taka ta!"

Jama'a! Ƙarar da ta yi sai da kwanon rumfa ya amsa. Kajin maƙwabta suka watse, mai shayi ya ce a'uzu billahi, motar ta girgiza a tsaye tana neman ƙwacewa. Na fito daga ƙasa ina tsalle da ƙura a kaina, ina cewa, "Patoro, injin lahiya lau shi ke! Hanci na anka toshe mata!"

Na yi musu bayani yadda nake yi muku kullum, ku masu koyon walda a hannuna. Abin da ya shiga dole ya fita. Ƙananan motocinmu da kansu suke shaƙar iska, kaɗan suke sha, kaɗan suke fitarwa, siririn bututu ya ishe su. Wannan kuwa ɗura mata ake yi. In hayaƙi bai sami hanya ba sai ya koma ya tokare injin, sabon mai ya rasa wurin shiga, zafi ya taru. An ba ta bakin raƙumi da hancin akuya.

Altine ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Hamidu, wallahi yatsa ukku anka ce mani." Ya ɗaga yatsunsa sirara.

Na ce, "Yatsun Bahillace? Ai wanga tsinken tsire na." Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Sanin cewa bututu ya yi kaɗan abu ɗaya ne, sanin wanda ya dace wani abu ne daban. Ainihin salansar tana can cikin wani rami a hanyar Gaya, kuma mai waldar can ya yanke mahaɗar ya sake tata, babu abin da zan auna. Ina cikin lissafi Alhaji ya yanke hukunci.

"To a sa mata babba! Wanda yah hi kowane girma cikin garin ga!"

Na ce, "Alhaji, ba hakanan a ka yi ba. Shi ma girman in ya yi yawa..."

"Kai aka tambaya, ko ni as sayi mota?"

Patoro ya ƙyafta mini ido. Mai kaya shi ke da magana. Na ciro salansar wata matacciyar kamiyo da ke bayan gareji, bututun da ɗan akuya zai iya sa kai ciki, na ɗaura mata ina ƙunƙuni. Muka fita gwaji. Ƙara kam ta samu, har wani jaki ya ƙwace da amalanke ya shige cikin masu rake. Amma daga tsaye sai ta tashi da kasala, sai ta yi nisa take farkawa. Cikin motar wani ƙugi take yi mai shiga kai, haƙora na kaɗawa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Da muka hau wata kwalbati bututun ya daki ƙasa, tartsatsi ya tashi. Dalilin ba boyayye ba ne. Hayaƙi na son ya fita da gudu, na gaba yana jan na baya. In hanya ta yi faɗi fiye da kima sai ya yi sanyi ya kwanta, kamar ruwan da aka saki a lambatu mai faɗi, ya tsaya yana lilo bai kai fangali ba.

Muna dawowa Alhaji ya sauka yana riƙe da kai. Ya ce, "Ƙarami bai yi ba, babba bai yi ba. To mi yar rage? Ciwon ciki shi ke, kuma na san wanda yas sa shi." Ya dubi Altine, ya kaɗa riga ya tafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san injin lafiyarsa ƙalau, na san amsar tana tsakanin bututun nan biyu, amma tsakanin akwai faɗi iri-iri, kuma ba a samun bututu a Konni yadda ake samun albasa. In na sa wani bai yi daidai ba, Alhaji ba zai ba ni dama ta uku ba, kuma ba ni zan kwana a ciki ba, Altine ne.

Ran Talata da hantsi sai ga wani manomin albasa daga Galmi, Malam Na-Allah, da injinsa na ban-ruwa a kan amalanke. Wuyan da ake ɗaura tiyo ya tsage, yana son a liƙe. Ni kuwa ba na cikin yanayin karɓar kowa. Ban ko juyo ba na ce, "Wane irin baki ag gare shi?"

Ya ce, "Babba na, turwa pus. In kat tahi Illela ta Najeriya kuwa, inci ukku za ka ce, in ba haka ba su ba ka wani abu daban."

Altine yana zaune gindin dogon yaro tun safe. Sai na ga mutum ya miƙe zumbur, har rawaninsa na warwarewa.

"Malam, mi kac ce?"

"Turwa pus nic ce. Lahiya?"

"Shi na! Wallahi shi na! Hamidu, kalmad da mutumin Kwatano yah hwaɗi ke nan! Har da ɗaga babban yatsa yay yi!"

Ƙarfen walda ya faɗi daga hannuna. Pus! Ai na san kalmar, duk mai sayen bututun ruwa ya san ta. A faransanci babban yatsa ne, amma kuma sunan awo ne, shi ne 'yan Najeriya ke ce wa inci. Mutumin ya faɗi awo, ɗan kamasho ya fassara yatsa, mai waldar Gaya ya auna yatsun Bafillace. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya saci komai. Na fizge tiyon Malam Na-Allah na sa ma'auni a bakinsa: milimita saba'in da shida. Na auna bututun Gaya, da ƙyar ya kai hamsin. Na rungume manomin nan har ya fara neman taimako. Kan ka ce kwabo makanikai duk sun jera manyan yatsunsu a bakin tiyo suna musun na wa ya fi kusa da awon Bature. Na liƙe wa manomin injinsa kafin komai, kuma ban taɓa yin walda da farin ciki irin wannan ba.

Na hau kabu-kabu na tsallaka Illela. Na ce da mai tsofaffin ƙarafa inci uku, bai tambaye ni yatsun wa ba, ya jawo mini dogon bututu mai kyau. Muka dawo ina riƙe da shi a kafaɗa, duk shingen da muka wuce sai an tambaye ni ko rijiya zan haƙa.

Saura lanƙwasawa, kuma nan ne yawancinku kuke ɓata aiki. In ka lanƙwasa bututu haka kawai, gwiwar za ta matse, ka sayi inci uku ka ƙare da inci biyu a kwana. Ga yadda muke yi. A samo rairayi a soya shi a kan kwano sai ya bushe sarai, don in da laima a ciki tururi zai iya fasa maka bututu a fuska. A toshe baki ɗaya da itace, a ɗura, ana bubbugawa har ya cika dam, a toshe ɗayan. Sannan a kai wurin maƙeri. Muka kwantar da shi a garwashi, maƙerin na zuga, wurin ya yi ja, muka ja shi a hankali a jikin tsohuwar ƙafar kamiyo. Lanƙwasa biyu kawai na yarda ya yi, masu faɗi, don kowace kwana tana rage wa hayaƙi gudu. Na sake ƙera mahaɗar da ke tattaro hayaƙin ɓangarorin injin biyu, na yi ta da sulɓi ba tudu a ciki. Tukunyar rage ƙara kuwa na fasa ta kamiyon nan na rage ta, na bar hanyar cikinta a miƙe, faɗinta ɗaya da bututun. Altine ne ya riƙe mini ƙarfe tun daga farko har ƙarshe, tartsatsi na zubar masa a hannu bai ko motsa ba.

Laraba da azahar muka gama, ranar kasuwar Konni. Aka aika wa Alhaji. Ya zo yana cin magani, ya shiga gaba, ni na zauna tsakiya don in ji numfashinta. Altine ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Wata murya ta fito mai kauri, a natse, ba hayaniya, zuga-zugin na ɗan fito a samanta.

Muka bi ta Tsarnawa muka isa Malbaza, Alhaji ya sa aka loda mata siminti har bayanta ya zauna. Ya ce a je wancan hawan, inda aka kunyata shi. Allah da ikonsa, muna isa gindin hawan sai ga kamiyo a gabanmu tana ja da ƙyar. Altine ya dube ni, na ce, "Bawana, ba ta wuta!"

Ya taka. Bayana ya manne da kujera. Motar nan da lodinta ta haye tudun tana ƙara wuta, zuga-zugi na kuka, muka wuce kamiyon kamar an kafe ta. Allurar zafi ko gezau. Ni ihu nake yi ina dukan gaban mota. Alhaji ya leƙa da kai ta taga don yaran kamiyon su gan shi da kyau, iska ta ɗebe masa hula, bai ko waiwaya ba. Cewa yake, "Ƙara mata! Altine, ƙara mata! Kai, Allah shi yi ma albarka!"

A hanyar dawowa ya huce, yana ta shafa gaban motar. Can ya gyara murya ya ce, "To, Altine, abin da yaw wuce ya wuce. Kai mu gida."

Muka shigo Konni, muka zo kwanar gidan Alhaji, Altine ya wuce ta. Na zungure shi da gwiwa, bai kula ni ba. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar tasha, ana tsakar hada-hadar kasuwa, direbobi da 'yan kamasho da masu lodi cike. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya ɗora shi a kan gwiwar Alhaji.

Ya ce, "Alhaji, nan anka ɗauke mani abu. Nan ni ka son a maido mani shi."

Alhaji Mainasara ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Mutane sun fara kewaye motar suna kallo. Alhaji ya zauna, kai ba hula, makulli a gwiwa, ni kuwa a tsakiyarsu na rasa inda zan sa idona. Na ce a raina shi ke nan, mun gyara mota mun rasa direba.

Sai ya buɗe ƙofa. Ya tattare babbar rigarsa, ya taka taya, ya haye kan buhunan siminti, mutum mai jiki da shekaru. Ya ɗaga murya yadda yake yi a kara in yana cinikin bijimi.

"Jama'a, ku saurara! Maganad da niy yi nan bisa Altine, ban yi daidai ba. Bai taɓa mani ko kusa guda ba. Wanda yaj ji waccan, shi ji wagga, shi kai ta inda yak kai waccan!"

Tasha ta kaure da sowa. Ya sauko rigarsa fari fat da siminti, ya miƙa wa Altine makulli da hannu biyu. Altine ya karɓa, ya ja rawani ya rufe fuskarsa har ido. Na so in tsokane shi, na fasa.

Shi ya sa kuke ganin ina faɗa in ɗayanku ya zo mini da awon yatsa ko na taƙi. Kafin ku yanka bututu ku san girman injin, ku duba ko da kansa yake shaƙa ko ɗura masa ake yi, ku sa ma'auni. Babba ba shi ne mai kyau ba, ƙarami ba shi ne tattali ba. In awo ya biyo ta bakin mutum biyu, a garin da ake ciniki da harshe uku, ku tambayi ainihin kalmar da na farko ya faɗa. Kuma ku san wannan: in mota ta ƙi tafiya, mai ita ba ya zargin ƙarfe, mutum yake zargi. Duk lokacin da kuka kwanta ƙarƙashin mota, akwai wani tsaye a gefe ya yi shiru, sunansa na hannunku.